Yadda Yahudawan Amurka suka koyi kare kansu, da inda gardama ta raba su

A majalisar masu shayi da kuma muhawarar da ake tafkawa a Facebook, ba wuya ka ji an ce ai Yahudawa ne ke riƙe da akalar Amurka. Mai faɗin haka yakan yi shiru daga nan, a ganinsa ya gama bayani. To amma alƙaluma ba su goyi bayansa ba. Cibiyar bincike ta Pew ta ƙiyasta a 2020 cewa Yahudawan Amurka miliyan 7.5 ne, wato kashi 2.4 cikin ɗari na jama'ar ƙasar. A rahoton da hukumar FBI ke fitarwa kowace shekara kuwa, su ne kan gaba cikin waɗanda ake kai wa hari saboda addini. A 2023 wajen kashi biyu cikin uku na irin waɗannan laifuka a kansu suka faɗa. Mutanen da ke juya ƙasa yadda suka ga dama ba za su buƙaci mai gadi da bindiga a ƙofar makarantar rainon 'ya'yansu ba. Abin da suke da shi, kuma suna da shi da gaske, shi ne tsari: ƙungiyoyi da suka haura shekara ɗari, lauyoyi, ajiyar takardu, da sanin ƙofar da ya kamata a ƙwanƙwasa. Wuya ce ta koya musu wannan tsari, kuma ana iya bin sawunsa shekara bayan shekara.

Tsakanin 1881 da 1924 Yahudawa fiye da miliyan biyu suka baro daular Rasha da gabashin Turai zuwa Amurka, galibinsu talakawa futuk, suna gudun yunwa da farmakin da ake afka wa unguwanninsu. A watan Afrilun 1903, a Kishinev, babban birnin Moldoba na yau, 'yan tarzoma suka kashe Yahudawa 49 bayan an baza ƙaryar cewa sun yanka wani yaro Kirista don su yi amfani da jininsa. Labarin ya tayar da hankalin attajirai da lauyoyin Yahudawan New York, 'yan asalin Jamus da suka riga suka zauna da gindinsu. A 1906 suka kafa Kwamitin Yahudawan Amurka, wanda ake kira AJC, da lauya Louis Marshall da ma'aikacin banki Jacob Schiff cikin jagorori. Salon manya suke da shi. Ba sa son hayaniya, sun fi son ganawa da shugaban ƙasa a keɓe. Babbar nasararsu ta farko ta zo a 1911, lokacin da suka matsa har Amurka ta soke yarjejeniyar cinikin da ta ƙulla da Rasha tun 1832, saboda Rasha ba ta mutunta fasfon Ba'amurke in dai Bayahude ne. A lura da yadda suka tsara kokensu. Ba su je majalisa suna cewa ana zaluntar Yahudawa ba, cewa suka yi ana wulaƙanta fasfon Amurka. Da haka damuwarsu ta zama damuwar kowane ɗan majalisa. Wannan dabara ita ce ƙashin bayan duk abin da ya yi musu aiki daga baya.

Shekara biyu bayan haka abin ya zo musu har gida. Leo Frank, Bayahude da ya tashi a New York, manaja ne a wata masana'antar fensir a Atlanta ta jihar Jojiya. A watan Afrilun 1913 aka tsinci gawar wata ma'aikaciya 'yar shekara 13, Mary Phagan, a ginin masana'antar. Aka gurfanar da Frank, jama'a sun yi dafifi a wajen kotu, jaridu na ta rura wuta, aka yanke masa hukuncin kisa. A 1915 gwamna John Slaton ya karanta takardun shari'ar da kansa, ya ga akwai shakka, ya mayar da hukuncin ɗaurin rai da rai. Wannan ya ci masa siyasarsa, sai da ya bar jihar na wani lokaci. A watan Agusta na shekarar wasu mutane, cikinsu har da manyan gari, suka ɗauko Frank daga kurkuku, suka rataye shi a Marietta. An ɗauki hotuna ana sayarwa, kuma ba a hukunta kowa ba. Labarin yana da wani ɓangare da masu ba da shi ba su cika son tsayawa a kai ba: lauyoyin Frank sun ɗora laifin kan Jim Conley, baƙar fata mai share masana'antar kuma babban shaidan gwamnati, kuma ko da yake mafi yawan masana tarihi a yau suna ganin shi ɗin ne ya aikata, kalaman da lauyoyin suka yi a kansa na wariyar launin fata ne tsagwaronsu. Wanda ake zalunta ma yakan iya taka na ƙasa da shi.

A 1913 ɗin, ana tsakiyar wannan dambarwa, wani lauya a Chicago mai suna Sigmund Livingston ya kafa Ƙungiyar Yaƙi da Ɓata Suna, wato ADL, da dala 200 da tebura biyu a ofishinsa. Takardar kafa ta ta ɗora mata aiki biyu: hana ɓata sunan Yahudawa, da tabbatar da adalci ga kowane ɗan ƙasa. Da farko aikin rubuta wasiƙu ne zuwa ga editocin jaridu da masu gidajen wasan kwaikwayo, ana roƙonsu su daina nuna Bayahude a matsayin macuci mai son kuɗi.

Gwaji mafi girma ya zo daga mutumin da kowa ke girmamawa, Henry Ford mai kamfanin mota. Daga watan Mayun 1920 jaridarsa, Dearborn Independent, ta shiga buga jerin maƙaloli har mako 91 kan wai makircin Yahudawa na mallake duniya, ana rarraba ta ta hannun dillalan motocinsa a faɗin ƙasar. Madogararta wani littafi ne da ake kira Ƙudurorin Dattawan Sahyoniya, wanda aka ƙaga a Rasha aka fara buga shi a 1903. Tun a 1921 wakilin jaridar The Times ta Landan, Philip Graves, ya jera shafukan littafin kusa da na wani littafin zambo da Bafaranshe Maurice Joly ya rubuta a 1864 yana sukar sarki Napoleon na Uku, ya nuna kwafa aka yi, aka cire sunan sarkin aka sa Yahudawa. Duk da haka ƙaryar ba ta mutu ba. An fassara ta zuwa harsuna da dama har da Larabci, kuma ɓurɓushinta na yawo a saƙonnin WhatsApp da ake turowa har a wayoyinmu, mai turawa bai san asalinta ba. Wasiƙun roƙo ba su girgiza Ford ba. Kotu ce ta girgiza shi. Wani lauya mai shirya ƙungiyoyin gama kai na manoma, Aaron Sapiro, ya maka shi kotu yana neman diyyar dala miliyan ɗaya. Maimakon ya tsaya gaban alƙali a yi masa tambayoyi, Ford ya nemi sulhu a 1927, ya sa hannu kan takardar neman afuwa da Louis Marshall ya rubuta masa, ya rufe jaridar a ƙarshen shekarar. Ɓarnar dai ta riga ta tsallaka teku, Hitler ya yaba masa a rubuce, gwamnatin 'yan Nazi kuma ta ba shi lambar yabo a 1938.

A shekarun 1930 al'ummar ta rabu biyu kan hanya. 'Yan AJC na ganin a bi a hankali, kada a ba maƙiya abin faɗa. Malamin addini Stephen Wise da ƙungiyarsa ta Majalisar Yahudawan Amurka, wadda 'yan gabashin Turai suka fi yawa a ciki, na ganin a fito fili a yi gangami, a ƙaurace wa kayan Jamus. Duka biyun ba su iya buɗe ƙofar da dokar shige da fice ta 1924 ta rufe ba. A 1939 jirgin ruwan St. Louis ya iso gaɓar Amurka da 'yan gudun hijira fiye da 900, aka hana shi tsayawa, ya koma Turai. 254 daga cikinsu sun mutu a kisan kiyashin da ya ci Yahudawa miliyan shida. A shekarar ne kuma magoya bayan Nazi kimanin 20,000 suka yi taro a tsakiyar New York. Duk mai cewa Yahudawa ne ke juya Amurka ya kamata ya yi bayanin wannan jirgi.

Bayan yaƙi sai suka sauya tunani gaba ɗaya. Suka yanke cewa Bayahude ba zai zauna lafiya a ƙasar da aka halatta nuna wa kowa bambanci ba, don haka a yaƙi wariya ko a kan wa ta faɗa. Bahaushe ya riga ya faɗi haka: in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ƙungiyoyin suka shiga shari'o'in baƙaƙen fata suna miƙa wa Kotun Ƙoli takardun goyon baya, a shari'ar 1948 da ta hana kotuna tilasta sharuɗɗan da ke haramta sayar wa baƙaƙen fata ko Yahudawa gida a wasu unguwanni, da ta 1954 da ta haramta raba makarantu bisa launin fata. ADL ta tsara samfurin dokar hana rufe fuska a taro, wadda Jojiya ta amince da irinta a 1951, don 'yan ƙungiyar wariyar launin fata ta Ku Klux Klan su daina ɓuya a bayan ƙyalle. A 1964 aka kashe matasa uku masu rajistar baƙaƙen fata don zaɓe a Mississippi: James Chaney baƙar fata, da Andrew Goodman da Michael Schwerner, Yahudawa. A 1965 malami Abraham Joshua Heschel ya yi tattaki a sahun gaba tare da Martin Luther King a Selma. Ƙawancen bai ɗore lami lafiya ba. An yi baram-baram kan yajin aikin malaman makarantun New York a 1968, da kan ware wa baƙaƙen fata gurabe a jami'o'i, da rikicin unguwar Crown Heights a 1991. Amma dokokin da aka samu tare suna nan.

Misalin da ya fi fito da amfanin wannan dabara shi ne dokar laifukan ƙiyayya. A 1981 ADL ta rubuta samfurin doka mai cewa in mutum ya zaɓi wanda zai cutar saboda addininsa ko launinsa ko asalinsa, a ƙara masa hukunci. Mafi yawan jihohi suka ɗauka. Da aka ƙalubalanci irin wannan doka a Kotun Ƙoli a 1993, wanda ake tuhuma saurayi ne baƙar fata da ya sa aka lakaɗa wa wani yaro farar fata duka, kuma kotu ta tabbatar da dokar baki ɗaya. Wato dokar ba ta san gwani ba. Haka ma dokar 1990 da ta sa gwamnatin tarayya tattara alƙaluman irin waɗannan laifuka, wadda ƙungiyoyin Yahudawa na cikin waɗanda suka yi mata kamun ƙafa. Albarkacinta ne Musulmin Amurka suka iya nuna wa duniya a rubuce cewa laifukan ƙiyayya a kansu sun tashi daga 28 a shekarar 2000 zuwa 481 a 2001, bayan harin 11 ga Satumba.

Manyan sunaye suna New York da Washington, amma yawancin aikin a ƙananan ofisoshi ake yin sa. Kusan kowane birni da ke da Yahudawa da ɗan dama yana da asusun al'umma da ake tara masa gudummawa kowace shekara, da kuma majalisar hulɗa da jama'a, tsarin da aka haɗe a matakin ƙasa tun 1944. Aikin ma'aikaciyar irin wannan ofis ba shi da armashi. Uwa ce za ta bugo waya ta ce an zana alamar 'yan Nazi a ƙofar banɗakin makarantar ɗanta. Ma'aikaciyar za ta ce a ɗauki hoto kafin a goge, ta rubuta rana da wuri, ta kira shugaban makarantar, wanda dama ta san shi tun da ta kai masa kalandar ranakun bukukuwan Yahudawa a farkon zango don kada a sa jarrabawa ranar azumin Yom Kippur. Tana da lambar shugaban 'yan sanda, ta taɓa cin abinci da limamin masallacin garin da fastocin cocin baƙaƙen fata. Duk wannan zumunci ana ƙulla shi ne tun babu abin da ya faru. Hoton ƙofar banɗakin kuwa zai shiga kundin da ADL ke fitarwa kowace shekara tun 1979, wanda 'yan jarida da 'yan majalisa ke kafa hujja da shi.

A fannin ilimi, nasarar da ta fi kowace girma ba a aji aka same ta ba, a fadar Batikan aka same ta. Ƙarnuka da dama ana koya wa Kiristoci cewa alhakin gicciye Almasihu, kamar yadda suka yi imani, yana wuyan Yahudawa har abada. Masanin tarihi Bafaranshe Jules Isaac ya kai wa Fafaroma John na 23 wannan koke a 1960, AJC ta bi da rubutattun bayanai kan abin da ke cikin littattafan koyarwar coci, Heschel ya gana da Fafaroma Paul na Shida. A watan Oktoban 1965 Cocin Katolika ya fitar da sanarwar Nostra Aetate da ta yi watsi da wannan tuhuma. A cikin sanarwar nan ɗaya ne kuma cocin ya bayyana girmamawarsa ga Musulmi, ya yi kira a manta da gabar baya. An tafi neman gyara wa Yahudawa, aka dawo da gyaran da ya shafi al'umma biyu.

Koyar da tarihin kisan kiyashin 'yan Nazi ya zo daga baya. Waɗanda suka tsira sun daɗe ba sa son magana. A 1977 wasu 'yan Nazin Amurka suka nemi yin maci a Skokie, wani gari kusa da Chicago da ke cike da waɗanda suka tsira daga sansanoni. Kotuna suka ce suna da 'yancin yin macin, kuma lauyan da ya kare musu wannan 'yanci Bayahude ne. Daga ƙarshe ba su yi macin a garin ba, amma tsofaffin sun fahimci shirunsu ba kariya ba ne, suka fara zagaya makarantu suna ba da labari. A 1990 jihar Illinois ta wajabta koyar da darasin. A 1993 aka buɗe gidan tarihin Holokos, wato kisan kiyashin, a Washington, a 1994 mai shirya fim Steven Spielberg ya kafa gidauniyar da ta naɗi shaidar mutum fiye da 50,000 a bidiyo, daga baya ta ƙara da ta waɗanda suka tsira a Ruwanda da wasu wurare.

Ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu? Wani bincike na 2020 ya gano kashi 63 cikin ɗari na matasan Amurka 'yan ƙasa da shekara 40 ba su san miliyan shida aka kashe ba. Marubuciya Dara Horn, ita ma Bayahudiya, ta tayar da ƙura da ta ce darasin yana koya wa yara tausayin Yahudawan da suka mutu ba tare da sun san komai game da masu rai ba, kuma yana sa su ɗauka duk abin da bai kai ɗakin iskar guba ba, ba ƙiyayya ba ce. Ina ganin tana da gaskiya fiye da rabi. Yaron da ya haddace sunan sansanin Auschwitz amma ba a taɓa nuna masa yadda ƙaryar makirci ke aiki ba, cewa wasu 'yan tsiraru ne a ɓoye ke juya banki da jarida da gwamnati, zai ci karo da ita a intanet cikin sabuwar riga ya karɓe ta hannu bibbiyu.

Wannan ƙarya kuwa tana kisa. Ranar Asabar 27 ga Oktoban 2018 wani ɗan bindiga ya shiga majami'ar Tree of Life a Pittsburgh ya kashe masu ibada 11, hari mafi muni kan Yahudawa a tarihin ƙasar. Dalilinsa, kamar yadda ya rubuta kafin ya fita, shi ne ƙungiyar agaji ta Yahudawa mai suna HIAS tana shigo da 'yan gudun hijira, cikinsu har da Musulmi, don a shafe farar fata. Cikin kwanaki kaɗan ƙungiyoyin Musulmi suka tara wa iyalan mamatan fiye da dala 200,000, kuma da aka kashe mutum 51 a masallatan Christchurch a watan Maris na 2019, Yahudawan Pittsburgh suka tara tasu gudummawar suka aika New Zealand. Wata shida bayan Pittsburgh wani saurayi ya buɗe wuta a majami'ar Poway a California ya kashe mace ɗaya. Bincike ya nuna shi ne ya cinna wa wani masallaci wuta a Escondido wata guda kafin nan.

Harin Colleyville a Texas ya cancanci a tsaya a kansa. Da safiyar Asabar 15 ga Janairun 2022 wani mutum ya ƙwanƙwasa ƙofar majami'a, ana sanyi. Malamin wurin, Charlie Cytron-Walker, ya ɗauka mara galihu ne, ya shigo da shi ya haɗa masa shayi. Ana cikin addu'a, malamin ya juya baya, sai ya ji ƙarar ɗana bindiga. Mutumin, Musulmi ɗan Birtaniya, ya yi garkuwa da mutum huɗu yana neman a saki Aafia Siddiqui, 'yar Pakistan da ke ɗaure a wani kurkuku kusa da nan. Ya sa aka kira masa wata malamar Yahudawa a New York, yana da yaƙinin cewa in ta ba da umarni gwamnati za ta buɗe kurkuku. Har zuciyarsa ya yarda da maganar teburin mai shayi. Bayan awa goma sha ɗaya malamin ya lura mutumin ya fara fita hayyacinsa, ya tabbatar mutanensa na kusa da ƙofa, ya ce su ruga, ya jefe shi da kujera. Duk suka tsira, jami'an FBI suka harbe maharin. Malamin ya ce horon tsaro da ya sha halarta ne ya cece su. Irin wannan horo aikin wata cibiyar tsaron al'umma ce da aka kafa a 2004, kuma tallafin da gwamnatin tarayya ke bayarwa don sa kyamarori da ƙofofi masu ƙarfi, wanda ƙungiyoyin Yahudawa suka yi fafutukar kafawa, yanzu masallatai da coci-coci ma suna nema suna samu.

Inda aka rabu shi ne batun Isra'ila. A 2016 wata ƙungiyar ƙasashe mai kula da tunawa da kisan kiyashin, IHRA, ta amince da wata ma'anar ƙyamar Yahudawa tare da misalai 11, bakwai daga ciki sun shafi Isra'ila. Wasu misalan ba su da gardama, kamar kama kowane Bayahude da laifin abin da gwamnatin Isra'ila ta yi. Wasu kuwa, kamar cewa kafa ƙasar Isra'ila aikin wariyar launin fata ne, su ne ainihin abin da Bafalasɗinen da aka kori kakansa a 1948 zai faɗa. Kenneth Stern, wanda ya jagoranci rubuta daftarin farko yana ma'aikacin AJC, ya fito ya ce don taimaka wa masu tattara alƙaluma aka rubuta shi, kuma mayar da shi dokar toshe bakin ɗalibai cin amanar manufarsa ne. A 2021 masana kimanin 200, da yawansu Yahudawa, suka fitar da Sanarwar Kudus, wadda ta ce adawa da aƙidar sahyoniyanci ko kiran ƙaurace wa Isra'ila ba ƙyamar Yahudawa ba ne a karan kansu. Shugaban ADL tun 2015, Jonathan Greenblatt, ya tsaya a ɗaya gefen, a 2022 ya ce adawa da sahyoniyanci ƙyamar Yahudawa ce, babu wani kwana-kwana.

ADL kanta tarihinta ba fari tas ba ne. A 1993 'yan sandan San Francisco suka bankaɗo cewa wani mai yi mata aiki ya daɗe yana tattara bayanan sirri kan dubban mutane da ƙungiyoyi, har da na Larabawan Amurka da masu yaƙi da mulkin wariya na Afirka ta Kudu. A 2010 ta yi adawa da gina cibiyar Musulunci kusa da inda aka kai harin 11 ga Satumba, sai a 2021 ta nemi afuwa. Ita ce kuma ta ƙalubalanci dokar Shugaba Trump ta hana 'yan wasu ƙasashen Musulmi shiga Amurka, Greenblatt ma ya taɓa cewa in aka buɗe rajistar Musulmi zai rubuta sunansa a ciki. Duka biyun nata ne.

Bayan harin Hamas na 7 ga Oktoban 2023, da ya kashe kimanin mutum 1,200, da yaƙin Gaza da ya ci rayukan Falasɗinawa dubun dubata, kundin ADL ya yi tsalle daga 3,697 a 2022 zuwa 8,873 a 2023, sai 9,354 a 2024. Ƙaruwar haɗarin gaskiya ce. A 2025 kaɗai an cinna wa gidan gwamnan Pennsylvania, Josh Shapiro, wuta a daren bikin Ƙetarewa na Yahudawa yana barci da iyalinsa, an harbe ma'aikatan ofishin jakadancin Isra'ila biyu a ƙofar gidan tarihin Yahudawa a Washington, an jefa wa masu tattakin tunawa da waɗanda aka yi garkuwa da su kwalaben wuta a Boulder. Babu mai hankalin da zai kira wannan sukar gwamnati. Sai dai ƙungiyar ta faɗaɗa ma'auninta ta shigar da wasu take da ake rerawa a zanga-zangar goyon bayan Falasɗinu, har ta ce kashi 58 cikin ɗari na abin da ta ƙirga a 2024 ya shafi Isra'ila. A wuraren zanga-zangar nan kuwa akwai matasan Yahudawa da yawa, 'yan ƙungiyoyi irin su Jewish Voice for Peace da IfNotNow. A ganina kuskure ne mai tsada. Darajar kundin tana ga cewa har abokin gaba ya yarda da shi, kuma idan aka zuba ƙona gida da ɗaga kwali a ma'auni ɗaya, mai son ƙaryata duka ya samu hanya. A 2024 editocin Wikipedia suka yanke cewa ADL ba madogara ce abin dogaro ba kan rikicin Isra'ila da Falasɗinu, hukuncin da shekara goma baya ba wanda zai yi tunaninsa.

Gwamnatin Trump ta ƙara dagula lissafin. A watan Maris na 2025, da sunan kare ɗalibai Yahudawa, ta soke tallafin dala miliyan 400 na jami'ar Columbia, ta kama Mahmoud Khalil, jagoran zanga-zanga mai takardar zama ta dindindin, ba tare da tuhumarsa da aikata wani laifi ba. Wasu ƙungiyoyin Yahudawa suka yi maraba. A watan Afrilu wasu guda goma, cikinsu har da uku daga manyan ɗariƙun addinin, ƙarƙashin jagorancin majalisar nan da ta samo asali a 1944, suka fitar da sanarwa cewa ba su yarda a ce sai sun zaɓa tsakanin tsaronsu da bin doka ba, domin tauye haƙƙin wani da sunansu ba zai kare su ba. Wannan ita ce hujjar da Marshall ya kai majalisa a 1911, kuma a wurina su ne suka riƙe gadon.

Ko a majalisar dokoki layin bai bi jam'iyya ko addini ba. Ƙudurin da zai sa ma'aikatar ilimi ta riƙa aiki da ma'anar IHRA ya wuce Majalisar Wakilai a watan Mayun 2024 da ƙuri'a 320 da 91. Cikin waɗanda suka ƙi akwai Jerry Nadler na New York, Bayahuden da ya fi kowa daɗewa a zauren a lokacin, wanda ya ce ƙudurin zai tauye 'yancin faɗar albarkacin baki. Akwai kuma Marjorie Taylor Greene ta Jojiya, wadda ta ce tana tsoron a hukunta Kirista in ya ce Yahudawa ne suka miƙa Almasihu a gicciye shi. Majalisar Dattawa ba ta kaɗa ƙuri'a a kansa ba har zangon ya ƙare.